Yadda za ka hana Word yi maka sebin da ba ka sa shi ba, ba tare da ka bar aikinka a hannun ɗaukewar wuta ba

Duk wanda ke zama a bizines santa a Samaru ko Kongo a Zariya lokacin firojek ya san wannan kukan. Ɗalibi ya buɗe babi na biyu don kawai ya gwada wani gyara, ya goge shafi uku ya ga yadda abin zai zauna, bai yi masa ba, sai ya rufe fayil ɗin yana jiran ɗan akwatin nan da ke tambaya a ajiye ko kar a ajiye, akwatin bai fito ba, ya sake buɗewa ya tarar shafi ukun nan babu su babu dalilinsu. Bai danna komai ba fa. Word ɗin ne da kansa ya ajiye masa gogewar tun yana cikin yi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da mutane ke ba juna. Sai ka ji ana cewa shiga setin ka kashe duk wani abu da ka ga an rubuta Auto a jikinsa. Garin neman gira a rasa ido ke nan, domin a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, kuma rabin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai batirinsu ya mutu sai da caja a jiki, wanda ya kashe komai da komai ya fi wancan na farko shiga uku. Abu biyu ne daban a cikin Word, ɗaya za ka kashe, ɗayan kuma dan Allah ka bar shi.

Na farko shi ne AutoSave. Wannan kan ainihin fayil ɗinka yake rubutu, duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, ba ya tambayarka. Kamar tela ne da ya fara yanka yadinka tun kana cikin yi masa bayanin ɗinkin da kake so. Amma ba ko'ina yake aiki ba, sai fayil ɗin yana zaune a OneDrive ko SharePoint, wato ma'ajiyar Microsoft ta intanet. Kuma in za a yi adalci ba don mugunta aka yi shi ba, an yi shi ne don mutum biyu ko uku su iya aiki kan takarda ɗaya lokaci guda kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke rubutawa, in babu shi hakan ba ta yiwuwa. Matsalar ita ce mu yawancinmu ba haka muke aiki ba. Mu tsohuwar wasiƙa muke buɗewa mu canza suna da kwanan wata mu fitar da sabuwa, tsohon CV muke buɗewa mu mai da shi na wani, toh a irin wannan aikin AutoSave ɓarna yake yi.

Na biyu shi ne AutoRecover, ya daɗe a cikin Word tun kafin a san wani OneDrive. Shi ba ya taɓa fayil ɗinka kwata-kwata. Kwafi yake yi a ɓoye cikin wata folda, duk minti 10 in ba ka canza ba, fayil ne mai ƙarewa da .asd, kuma ba ya fito da shi sai ranar da wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta sandare, ka sake kunnawa ka ga jerin fayil a gefen hagu yana tambayarka wanne za ka ɗauka. Wannan shi ne wanda ba a kashewa.

Fara da gano wanda kake da shi

Buɗe Word ka duba can sama ta hagu, kusa da alamar sebin. In ka ga an rubuta AutoSave da ɗan maɓalli mai On da Off, toh kana da shi, yawanci masu Microsoft 365 ne da sababbin Office. In Office 2007 ko 2010 ko 2013 ko 2016 ne a kwamfutarka, irin waɗanda suka cika shagunan taifin na Tudun Wada da Sabon Gari, babu wannan maɓallin, fayil ɗinka ba ya canzawa sai ka danna Ctrl da S, sai ka tsallake zuwa inda na yi maganar AutoRecover.

In maɓallin yana nan amma yana Off ya yi dishi-dishi, fayil ɗin da ka buɗe a cikin kwamfutar yake ba a intanet ba. Kar ka danna shi don gwaji, in ka danna zai ce ka zaɓi OneDrive ya loda fayil ɗin can, daga nan kuma an fara.

Kashe shi ga fayil ɗaya

Wannan ba wuya. Da ka buɗe fayil, kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, danna maɓallin ya koma Off. Word zai riƙe wannan zaɓin ga wannan fayil ɗin, gobe in ka sake buɗe shi zai zo a kashe. Amma ka lura da kyau, kashewa ba ta dawo da abin da ya riga ya ajiye. In ka yi minti biyar kana goge-goge sannan ka tuna ka kashe, gogewar minti biyar ɗin nan ta riga ta hau kan fayil ɗin, ko ka rufe ka ce Don't Save abin da ka yi bayan kashewar ne kawai zai zubar. Shi ya sa nake cewa kafin, ba bayan ba.

Kashe shi gaba ɗaya

Ka bi a hankali. Danna File, ka sauka can ƙasa ka danna Options, wani akwati zai buɗe, a jerin hagu ka zaɓi Save. Layin farko a sama shi ne abin da muke nema, an rubuta AutoSave files stored in the Cloud by default in Word, a wasu kwamfutocin kuma AutoSave OneDrive and SharePoint Online files by default, duk abu ɗaya ne. Cire alamar da ke akwatin. Danna OK, ka rufe Word gaba ɗaya ka sake buɗewa, in ba ka rufe ba wani lokaci canjin ba ya kamawa.

Abu biyu a nan. Fayil ɗin da kai da hannunka ka taɓa kunna masa maɓallin zai ci gaba da zuwa a kunne, sai ka bi shi ka kashe. Sannan wannan setin na Word ne kaɗai, Excel da PowerPoint kowanne da nasa, sai ka shiga ka maimaita. Masu lissafin kuɗi da malamai masu haɗa sakamakon jarabawa a Excel ku ne ma kuka fi buƙata, saboda mutum zai jera sunaye ko ya tace wani layi don kawai ya duba abu, shi kuma ya ajiye masa haka, wanda zai buɗe bayansa ya tarar da komai a birkice.

Tun kana cikin wannan shafin na Save kar ka fita tukuna. A 2025 Microsoft ta sanar cewa sababbin fayil na Word a Windows za su riƙa tafiya intanet kai tsaye tun daga lokacin da ka buɗe farar takarda. In naka ya sami wannan sabuntawar za ka ga layi mai cewa Create new files in the cloud automatically, shi ma cire masa alama. Sai ka ɗan sauka ƙasa ka sa alama a Save to Computer by default, a ƙarƙashinsa akwai Default local file location inda za ka nuna masa foldar da kake so ya riƙa kai ka duk sanda ka zo sebin.

Inda mutane ke faɗawa: foldar Documents da ba ta kwamfutarka ba ce

Nan zan ɗan daɗe, don nan ne mutum zai rantse ya ce wallahi a Documents na ajiye, ni ban taɓa shiga wani OneDrive ba, kuma gaskiya yake faɗa. Abin da ke faruwa shi ne lokacin da ake saita sabuwar Windows 10 ko 11, in an shiga da akawun ɗin Microsoft, OneDrive kan karɓi foldar Desktop da Documents da Pictures ya mai da su ƙarƙashinsa. Sunan foldar bai canza ba, kamanninta bai canza ba, amma duk abin da ka jefa ciki yana hawa intanet, kuma Word yana ɗaukarsa fayil ɗin intanet, sai AutoSave ya kunna kansa. Yawanci ma ba kai ka yi setin ba, yaron da ya yi maka fomatin ne ya yi ta danna Next don ya gama da wuri.

Ga yadda za ka gane. Buɗe foldar Documents, danna farin wurin da ke sandar adireshi a sama, hanyar foldar za ta bayyana. In ka ga kalmar OneDrive a tsakiya, bayan sunanka kafin Documents, toh an karɓe ta. Wata alamar kuma ita ce ƙananan zane a gefen kowane fayil, gajimare ko koren tik.

Hanya mafi sauƙi kuma wadda na fi ba mutane shawara ita ce ka bar OneDrive da foldarsa, ka shiga Local Disk C ka buɗe sabuwar folda, ka sa mata suna Aiki ko Firojek, ka kwafe abin da kake aiki a kai can, ka nuna wa Word ita a wancan wurin na Default local file location. Shi ke nan, abin da ke cikin wannan foldar AutoSave ba shi da iko da shi.

In kuma so kake ka ƙwato Documents ɗinka gaba ɗaya, ana yi, amma da tsari. Na ɗaya, ka duba fayil masu alamar gajimare, waɗannan ba sa cikin kwamfutarka, sunansu ne kawai a nan, gangar jikin na intanet. Ka zaɓi foldar ka danna maɓallin dama na maus ka zaɓi Always keep on this device, ka jira su sauko duka alamar ta koma kore, wannan yana cin data, gara ka yi shi inda akwai wayifai ko da daddare in kana da datar dare. Na biyu, danna alamar gajimare da ke ƙasa kusa da agogo, ka shiga Settings, sai Sync and backup, sai Manage backup, ka kashe na Documents da Desktop. Na uku, kuma nan ne gaban mutane ke faɗuwa, za ka iya buɗe Documents ka gan ta wayam. Ba su ɓata ba. Suna cikin foldar OneDrive, sai ka shiga can ka kwaso su ka dawo da su. Kar ka goge komai a OneDrive sai ka buɗe fayil biyu-uku a sabon wurin ka tabbatar suna buɗuwa.

In kuwa duk damuwarka data ce ba wani abu ba, kana jona laftof da hotsifot ɗin wayarka kana ganin data na zurarewa, ba sai ka yi duk wannan ba. A wannan alamar gajimaren akwai Pause syncing, awa 2 ko 8 ko 24. Ko ka shiga setin wayifai na Windows ka kunna Metered connection ga hotsifot ɗin, OneDrive kan dakata da kansa in ya ga haka. Ka sani kuma kyautar da suke bayarwa 5 GB ce, hotuna kaɗai sun isa su cika ta, in ta cika lodin ya tsaya.

Amma fa ka ji wannan, ba zan ɓoye maka ba. Ranar da ka fitar da aikinka daga intanet, kwafi ɗaya ya rage maka a duniya, wanda ke cikin laftof ɗin. A sace ta a hostel ko hadis ɗinta, wato hard disk, ya mutu, aikin shekara ya tafi. Don haka duk ranar da ka yi aiki mai yawa ka tura wa kanka fayil ɗin ta imel, ko ka jefa a filasha. Ni na fi yarda da imel, filashar da ke yawo daga shago zuwa shago wajen firintin ba ta rabuwa da bairos.

AutoRecover: gyara shi za ka yi, ba kashewa ba

Koma File, Options, Save. Masu 2007 ku danna zagayayyen tambarin Office da ke sama ta hagu, sai Word Options, sai Save. Za ka ga Save AutoRecover information every, da lamba 10 a gabansa. Bar alamar. Lambar kuma a ganina 10 ta yi yawa a garin nan, mai saurin taifin zai cika shafi a minti 10, mai da ita 5, in kwamfutar tebur ce mara UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ka sa 3.

Akwai masu ƙorafi na gaskiya a kan wannan. Tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ram, ga fayil mai shafi 200 cike da hotuna da tebur, duk sanda AutoRecover ya tashi aiki sai rubutu ya tsaya na ɗan lokaci, kana bugawa ba ya fitowa, abin na da ban haushi. Maganin ba cire alamar ba ne. Raba aikin babi-babi kowanne da fayil ɗinsa sai ƙarshe ka haɗe, rage nauyin hotunan, danna hoto ka nemi Compress Pictures a shafin Format, in duk bai yi ba sannan ka ɗaga lambar zuwa 15.

A ƙarƙashinsa akwai layi na biyu, Keep the last AutoRecovered version if I close without saving. Shi ne ke ceton wanda hannunsa ya kuɓuce ya danna Don't Save. Tun daga Office 2010 yake. Sabuwar takardar da ba a taɓa yi mata sebin ba Word yana riƙe ta har kwana 4, za ka same ta a File, Info, Manage Document, Recover Unsaved Documents, a 2010 da 2013 kuma Manage Versions ake kiransa. A kwamfutarka ta kanka ka bar shi a kunne.

A kwamfutar shago kuwa maganar ta bambanta, kuma wannan amana ce. Mutane na kawo takardun kotu, rabon gado, wasiƙar asibiti, yarjejeniyar sayen fili, a buga musu a fitar su ce a goge, mai shago ya rufe bai yi sebin ba yana ganin ya cika alkawari, alhali kwafi na nan kwance duk wanda ya zauna bayansa zai iya buɗewa. Mai shago, ka bar layin Save AutoRecover information saboda wuta, amma ko dai ka cire alamar layi na biyu, ko kullum kafin ka tashi ka shiga Recover Unsaved Documents ɗin nan ka share abin da ke ciki. Haka kuma in Office ɗin shagon yana jone da akawun ɗinka, takardun jama'a na iya hawa OneDrive ɗinka har ka gan su a wayarka a gida. Ka shiga File, Account ka duba sunan wa ke wurin. Kai ma kwastoma, in ka shiga da naka akawun a kwamfutar haya don ɗauko fayil, kar ka tashi sai ka danna Sign out.

Kuma kar wani ya ɗauka AutoRecover ya ɗauke masa Ctrl da S. Da ka yi sebin ka rufe lafiya lau yana share kwafinsa, ba ma'ajiyar tarihi ba ce.

Wani setin da mutane ba su sani ba, yana File, Options, Advanced, ka gangara har ka iso sashen Save, Always create backup copy. In ka sa masa alama, duk sanda ka yi sebin Word zai ajiye yadda fayil ɗin yake kafin wannan sebin ɗin, a folda ɗaya, da suna Backup of sannan sunan fayil ɗinka, mai ƙarewa da .wbk. Taki ɗaya kawai yake komawa baya, in ka yi sebin sau biyu a kan kuskure ya tafi, amma ga wanda ya bar OneDrive taki ɗayan nan ba ƙaramin abu ba ne.

In ɓarnar ta riga ta faru

Kar ka rufe fayil ɗin. Wannan shi ne na farko. Muddin yana buɗe, Ctrl da Z na aiki ko da AutoSave ya ajiye sau ɗari, ka yi ta dannawa har ka koma inda kake so. Da ka rufe wannan hanyar ta toshe.

In ka riga ka rufe, toh a nan AutoSave ɗin da ya yi ɓarnar yana da nasa magani, domin OneDrive na ajiye tsofaffin kwafi. Buɗe fayil ɗin, File, Info, Version History, ko ka danna sunan fayil ɗin a can sama tsakiya za ka ga Version History a ƙasa. Jeri zai fito a dama da kwanan wata da lokaci. Danna wanda ya gabaci ɓarnar, zai buɗe a taga daban don karatu kawai, da maɓallin Restore a sama. Ni ba na saurin danna Restore in na san akwai sabon rubutu mai amfani da aka yi bayan ɓarnar, gara ka kwafi shafukan da suka ɓata daga tsohon ka liƙa a sabon, ko ka ajiye tsohon da wani suna daban ka zauna ka gwama su a natse. Kuma kar ka bar shi sai wani sati, akawun na kyauta ba ya riƙe tarihi ba iyaka, kwafi 25 na ƙarshe ne, kana ci gaba da aiki tsofaffin na faɗuwa. In fayil ɗin ne ma gaba ɗaya aka goge, shiga OneDrive ta burauza ka duba Recycle bin, yana riƙe abu kwana 30.

Yadda za ka riƙa aiki ko da AutoSave na kunne

Wani ba zai iya kashewa ba, wani kuma aikin rukuni yake yi da abokan karatu dole sai da shi. Toh sai ka juya tsarin da ka saba. Da, gyara muke fara yi sannan mu danna Save As a ƙarshe mu ba shi sabon suna. Yanzu kwafin ne farko. In AutoSave na kunne ma za ka ga Save As ya ɓace daga File, an sa Save a Copy a wurinsa. Buɗe fayil, danna Save a Copy nan take, ko F12, a wasu laftof sai ka haɗa da Fn, ba shi sabon suna, sannan ka fara taɓawa. Ko ma tun a folda ka yi kwafi da liƙawa kafin ka buɗe.

Sunan kuma ya zama mai ma'ana. Babi2 gyaran sufabaiza 14 Maris ya fi final da final2 da final na gaskiya, ranar difens ba za ka tsaya kana buɗe fayil biyar kana neman wanne ne ba.

Takardar da kullum daga ita kake fitar da wasu, kamar wasiƙar ofis mai tambari, rasit, fom, shafin farko na firojek, mai da ita tamfilet. F12, a wurin Save as type ka zaɓi Word Template, zai ƙare da .dotx. Daga ranar duk sanda ka danna ta sau biyu sabuwar takarda ce za ta buɗe mai kama da ita, uwar na nan ba abin da ya same ta. Wannan ya fi duk wani setin da na lissafa amfani ga sakatarori da masu shago, kuma minti ɗaya ne aikinsa.

Wadda aka gama kuma ba a son a taɓa, File, Info, Protect Document, Always Open Read-Only. In karatu kawai ka shigo yi a takardar wani, a sama ta dama akwai inda aka rubuta Editing, mai da shi Viewing.

Google Docs, waya da sauransu

Google Docs ba a kashe masa sebin, babu maɓallin ma, haka aka gina shi. Word na cikin burauza shi ma haka. Abin da ya rage maka shi ne File, Make a copy kafin gwaji. Tarihinsa kuwa yana da kyau sosai, File, Version history, See version history, kuma akwai Name current version, kafin ka tura wa malaminka ko kafin babban gyara ka sa wa wannan matakin suna don ka same shi cikin sauƙi. In takardar wani ce aka ba ka ka duba, koma Suggesting a sama ta dama, gyaranka zai fito a matsayin shawara mai ita ya karɓa ko ya ƙi. Ka kula da fayil ɗin Word da ke cikin Google Drive, in ka buɗe shi da Docs ka gyara, kan ainihin fayil ɗin yake ajiyewa, kuma lambobin shafi da tebur kan ɗan goce.

Masu LibreOffice, Tools, Options, Load/Save, General. Layin AutoRecovery ka bar shi da alama, amma na ƙarƙashinsa da ya fara da Automatically save the document shi ne mai rubutu kan fayil ɗinka, kar ka sa masa. Always create backup copy na nan shi ma a wannan shafin. WPS da ya cika wayoyi da laftof ɗin ɗalibai yana da nasa wurin bakof a cikin menu, ka bar na cikin na'ura, ka duba na loda takardu intanet in ba ka so. Masu Mac da ke rubutu da Pages, a System Settings, Desktop & Dock, ku kunna Ask to keep changes when closing documents, tambayar nan ta lokacin rufewa za ta dawo.

A waya abin ya fi saurin faruwa, don yatsa na taɓa allo ba da niyya ba, kana gangarawa ka goge layi ba ka sani ba. Manhajar Word ta waya na da nata maɓallin AutoSave a cikin menu, daban da na kwamfuta, kashe na laftof bai kashe shi ba. In karantawa kawai za ka yi a hanya, cikin Keke ko motar Kaduna, ka fitar da PDF ka karanta shi, ka bar ainihin fayil ɗin sai ka zauna.

Saura ma'aikatan da kwamfutar ofis ce a hannunsu. Wani lokaci za ka shiga Options ka tarar akwatin AutoSave ya yi dishi-dishi ba ya dannuwa, ko ka cire alamar gobe ta dawo. Ba lalacewa ya yi ba, masu kula da kwamfutocin wurin ne suka kulle shi daga sama, kuma kar ka bari wani ya ce zai shiga rajistirin Windows ya buɗe maka, kayan ofis ne. Ka je ka same su ka yi musu bayanin irin aikin da kake yi, sau da yawa za su ware maka folda ta tamfilet ko su sa takardun asali a karatu kawai. Kafin su yi, maɓallin sama ta hagu in yana dannuwa ka riƙa kashe shi fayil-fayil, in shi ma a kulle yake, F12 da sabon suna tun kafin ka rubuta komai.